Damin da Na Ƙi Karɓa

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe ambulan ɗin nan motarku ta riga ta bar Argungu lafiya, direbanku kuma mai hankali ne, ba irin masu tsere da 'yan babur ba. Allah ya sauke ka Birnin Kebbi lafiya, ya sa aikin da ka samu ya zama alheri gare ka da ƙannenka. Allah ya tsare ka daga sharrin da ke zuwa da ɗaure fuska, da wanda ke zuwa yana murmushi.

Na san dariya kake yi. Tsakanin Gulma da Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce, ga waya a aljihun kowa, amma tsoho ya zauna ya cika takardu. To, yi dariyarka. Idan na fara magana a gida innarka ce ke ƙarasa mini ita, idan kuma na kira ka a waya sai ka yi ta "to Baba, to Baba" har katina ya ƙare. Takarda dai ba za ka ce mata "to Baba" ba. Akwai wani ɗan abu mai nauyi a ƙasan ambulan, na san hannunka ya kai gare shi. Bar shi tukuna, ka karanta har ƙarshe.

Kalma ɗaya ce ta jawo maka wannan karatu, kuma daga bakinka ta fito. Ranar da ka gaya mini Alhaji Garba ya kira ka ya ce ya ware maka ɗaki a gidansa na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, kyauta, har da babur na zuwa aiki, na tambaye ka me ka ce masa. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ai ba zan iya dikilain ba." Na san kalmar. Wurin mai POS na bakin kasuwar Argungu na koye ta, duk ranar da na'urarsa ta ƙi katina. Sai dai ban taɓa jin ɗan Adam ya ɗora ta a kansa ba, shi ya sa na ce ka fassara mini. Ka ce Turawa na faɗinta idan an yi wa mutum tayi ya ƙi cikin ladabi, ba faɗa ba zagi, ya yi godiya ya ce a'a. Ka ƙara da cewa sukan faɗe ta ga abin da ke raguwa a hankali, kamar ruwan gulbi bayan damina. Na ce to, na tashi na tafi masallaci, kai kuma ka ɗauka magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, me ya kai ka aron kalma wurin Bature don abin da kowace jaririya ke faɗi kafin ta iya tafiya? Da na yi tunani sai na ga ba laifinka ba ne. Ka tashi a gidan da ba ka taɓa jin maigidan ya ce a'a ba. Ka ji "mu gani", ka ji "Allah shi kai mu", ka ji "sai na yi shawara". Waɗannan ka gada, kuma ba sa tare komai. Ita na'urar mai POS ba ta jin nauyin hakimi, ba ta jin nauyin liman, ta ƙi ta ƙi, kuma ban taɓa ganin wanda ya daina gaisawa da ita ba. Na kai shekarun da na kai, ga shi ɗan akwatin roba ya fi ni tsayawa a kan magana.

Ka san fadamar da kakanka ya bari, wanda kake ɗauke da sunansa. Ta tashi daga burtali ta gangara har bakin ruwa, da giginya ɗaya tsaye a tsakiyarta. Kai ka buɗe ido ka ga muna noma daga burtali zuwa wani ganɗo, tudun iyakar nan da ke can sama da giginyar, ka ga sauran a hannun Alhaji Garba, ka ɗauka haka Allah ya yi ta. Ba haka take ba. Duka tamu ce, har inda ƙafa ke nutsewa a laka. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, da bakina na kai ta inda take.

Garba ba baƙo ba ne. Tare muka koyi hawan gora irin na masunta a gulbi, tare muka sha bulala a makarantar allo. A lokacin ba Alhaji ba ne, Garba ne kawai mai riga ɗaya. Shekarar da ruwa ya cinye masa gonarsa ta wajen Augie, kai kana goye, ya zo ya zauna kan tabarmata bayan la'asar ya ce in ara masa daga giginya zuwa bakin ruwa, damina ɗaya tak, ya samu ya miƙe. Wallahi ban so ba. Wurin nan na yi niyyar zuba albasa da rani, har na yi maganar iri. Maimakon in faɗi haka, sai na shiga jera dalilai. Na ce wurin ya yi ciyawa, ya ce yana da masu kaftu da za su juye ƙasar. Na ce baffanka na Argungu yana da baki a ciki, ya ce ai ya biya ta wurinsa sun gaisa. Na ce ruwa na kwanciya a wurin, ya ce shinkafa ai abin da take so ke nan. Da dalilaina suka ƙare sai na ce, "To, mu gani, Allah shi kai mu." A zuciyata na ƙi ke nan. Duk mutumin garin nan da ya ji haka ya san an ƙi, shi ma Garba ya sani sarai. Ba a jima ba na gangara fadama na tarar da mutanensa suna kaftu, shi kuma yana tsaye gindin giginya yana ɗago mini hannu yana sa mini albarka.

Ka riƙe wannan, Babana. "Mu gani" ba ta aiki sai a kan mutum mai kunya. Wanda ya zo da niyyar jin e, ko tari ka yi zai ce e ka ce. Sannan kada ka yarda ka ba mai roƙo dalili. Duk dalilin da ka kawo aiki ka ba shi, zai je ya warware ya dawo, kuma dawowarsa ta fi zuwan farko wuyar korewa, domin yanzu ya wahala saboda maganarka. Da na ce masa, "Garba, na gode da ka tuna da ni, amma ba zan bayar ba," da ya yi fushin wata ɗaya mun ci gaba da zuwa su tare.

Wannan duk mai sauƙi ne. Aron gona ba sabon abu ba ne, iyayenmu sun yi, kuma sun san yadda ake ɗaure shi. Ku yaran yanzu ba ku san galla ba. Idan ka ari gona, ranar da ka yi yanka sai ka ɗauki dami ɗaya ka kai ƙofar mai gona da rana tsaka, a gaban maƙwabta. Shi kuma dole ya karɓa. Ba don yunwa ba, dami ɗaya me zai yi wa gida? Don mutane su gani ne. Duk shekara unguwa na kallo ana kawowa ana karɓa, ko bayan masu gonar sun mutu yara za su ce, gonar su wane ce, mun sha ganin ana kai musu galla. Iyayenmu ba su da takardar fili, wannan damin shi ne takardarsu.

Garba ya kawo, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ɗoro damin a kan jaki ya sauke a ƙofar gida, muna zaune da maƙwabta. Sai shaiɗan na son a yabe ni ya zo ya zauna mini a kafaɗa. Na dubi mutane, na dubi damin, na ga kamar in na karɓa za a ce Sani ya tsaya ƙwaƙular abokinsa da ruwa ya yi wa ɓarna. Innarka na bayan ƙofar zaure tana ta gyaran murya kamar wadda ƙaya ta maƙale wa, na yi kamar ban ji ba. Na ce, "Haba Garba, mi ya kawo wanga tsakaninmu? Mai da abinka ka ba yara. Abina ai naka ne." Mutane suka yi ta cewa Allah ya saka, ni kuma kaina ya kumbura. Da na shiga gida innarka ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Malam, ba shinkafa ka mayar ba, gona ka mayar." Na ce mata mata ba su san zumuncin maza ba.

Da shekara ta zagayo, damina ɗayar nan ta zama biyu ba wanda ya ta da maganar, Garba ya sake kawo damin. Wannan karon ranar Juma'a ya zaɓa, ana saukowa daga masallaci, ƙofar gida cike. Na daɗe ina juya wannan a raina. Me ya sa bai zo da safe ba, ina ni kaɗai? Ya san ni tun muna tsirara a gulbi, ya san idan ido ya yi yawa ba zan iya miƙa hannu ba. Ko ya shirya ko bai shirya ba, na sake mayarwa, wannan karon a gaban rabin gari. Daga nan bai ƙara kawowa ba, kuma wa zai ga laifinsa? An kawo an ƙi, an sake kawowa an ƙi.

Ka ga abin haushin? A inda ya kamata in ƙi, na kasa. A inda ya kamata in karɓa, nan na iya ƙi, har da ɗaga murya. Saboda haka kada ka fahimce ni a baibai ka zama mai ƙin komai don a ce kai mai zuciya ne. Abin da yake haƙƙinka, komai ƙanƙantarsa, miƙa hannu biyu ka karɓa a gaban kowa. Idan a wurin aiki aka ce ga hutunka, ɗauka. Idan ka ara wa abokin aiki wani abu ya dawo da shi, karɓa, kada ka ce bar shi. Kuma duk ranar da ka ji mutane na yaba maka kyauta tun ba ka gama yin ta ba, tsaya ka duba me ke fita daga hannunka.

Albasar da na yi niyyar zubawa, shi ya zuba ta a wurin, kuma ta karɓe shi. Manyan motoci suka fara tsayawa dominsa, ya je Makka, ya yi gida a Nasarawa. Ban yi masa hassada ba, ko in ce ban yi da yawa ba. Amma daga nan gonata ta fara tafiya. Ka san duk shekara idan gulbi ya cika yakan share ganɗo, wanda ya riga isa bayan ruwa ya janye shi ke tayar da shi. Mutanen Garba kullum su ke riga ni. Kowace shekara ganɗon ya ɗan matso sama, kaɗan, yadda in ka yi magana za a ce ka cika ƙorafi. Wata rana na tsaya na ga giginyar kakanka ta koma cikin gonar wani, ina kallonta daga nesa kamar baƙo.

Za ka ce me ya hana ni magana. Kyauta ce ta hana ni. Shekarar da na gaya wa baffanka zan nemi a mayar mini da wurina, kafin in je sai ga rago an jawo daga gidan Garba, wai na layya. Shekarar da ganɗo ya tsallake giginya, innarka ta kwanta ciwo, Garba ya ɗauke ta a motarsa har asibitin Birnin Kebbi, bai bar wurin ba sai da aka sallame ta. Da wane baki zan je in ce masa giginya? Shekarar da ya dasa mangwaro ya buga rijiya a wurin, abin da mai aro ba ya yi, sai ga injin ban ruwa sabo dal a ƙofar gidana. Kullum kyautar na riga ni isa. Har yau ban san wa ke kai masa labarin abin da ke raina ba. Na zargi baffanka, na zargi mai shayin bakin masallaci, akwai lokacin da na zargi innarka ma, Allah ya yafe mini, kada ka gaya mata. Na ci ragon, na yi ban ruwa da injin, kowace loma kuma tana ƙara ɗinke mini baki.

To idan kyauta ta zo maka, kada ka tsaya kallon girmanta. Tambayi kanka me ya faru a makon nan. Wa ka ce za ka yi wa magana? Wace takarda ce ke jiran sa hannunka? A birni za ka ga masu kirki da yawa, wasu na Allah ne, wasu kuma sun riga sun san ranar da za su zo karɓar kirkinsu. Ba a gane su a fuska, lokacin zuwansu ake dubawa.

Bana na kasa daurewa. Ƙannenka sun tasa, abin da ya rage daga burtali zuwa ganɗo ba zai riƙe ku ba idan na kwanta dama. Na kai magana gaban mai gari. Kana can kana neman aiki, ban so in ɗaga maka hankali ba. Aka tara dattawa, mai gari ya yi tambaya ɗaya: wa ya taɓa ganin an karɓi galla a kan wurin nan? Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Can wani ya ce shi dai ya ga an kawo, ya ga an mayar, kuma da kunnensa ya ji Sani ya ce abinsa na Garba ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Garba yana gefe yana jan carbi, abin da kawai ya ce shi ne ba zai yi jayayya da ɗan'uwansa ba, duk abin da manya suka yanke ya yarda. Ka ji iya magana. Mutum ɗaya ya tsaya mini, Malam Ɗan'iya, tsohon da ya yi wa kakanka yankan shinkafa yana saurayi. Ya ce shi ya san wurin na marigayi ne har bakin ruwa. Mai gari ya ce a bari a gama yanka, a gangara fadama gaba ɗaya a taka iyaka da ƙafa, sannan ya yanke.

Yanzu saurara da kyau. A makon da aka yi wannan zama, a makon Garba ya kira ka. Bai kira ni ba, ni da na haife ka. Wa ya ba shi lambarka ma? Gidan nan na Nasarawa ba jiya aka gina shi ba. Duk shekarun da ka yi kana karatu a Birnin Kebbi, kuna cunkushe da abokanka a ɗaki ɗaya, ruwan sama na zuba muku a katifa, gidan yana nan, ɗakunan suna nan, babur ma yana nan. Bai tuna kai ɗansa ne ba sai da mai gari ya sa rana. Ranar taka iyaka dattawan nan ba ƙasa kaɗai za su duba ba, fuskokinmu za su duba. Idan ɗana na kwana a gidan Garba, yana hawan babur ɗin Garba, ni kuma na tsaya a gindin giginya ina cewa Garba ya ci mini gona, kowa zai tofa yawu ya ce ga butulu. Malam Ɗan'iya kansa zai ja bakinsa ya yi shiru. Ni ma ba zan iya zuwa ba, na san kaina.

Mai yiwuwa ina ɗaukar alhakinsa. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Ya ɗauke ka kana jariri, ya yi maka wasa, kuma tsayuwar da ya yi wa innarka a asibiti ba a yin irinta da ƙarya zalla. Zargi ya zame mini ciwo, yanzu ko gaishe ni aka yi da fara'a sai in shafa aljihu. Ba na so ka gaji wannan, ba daɗi gare shi ba. Amma ko da zuciya ɗaya ya yi maka tayin, abin da ɗakin zai haifar ɗaya ne. Ba sai ka yanke masa hukunci ba, Allah ya san cikinsa. Kai dai ka ƙi.

Ba kuma zan bar ka a titi ba. Ka san Maman Rifkatu, matar nan 'yar Filato da ke sayen shinkafarmu, wadda ke kawo muku dankali idan ta dawo daga Kirsimeti. Farkon haɗuwarmu haushinta na ji. Na kai mata shinkafa ba ta gama bushewa ba, ta tura hannu cikin buhu, ta dube ni tana dariya ta ce, "A'a Malam, ba zan saya ba, na gode." Ta sa aka kawo mini ruwa na sha. Na tsaya ina jiran "mu gani", ba ta zo ba. Na koma gida ina cewa mutanen nan ba su da kara. Ga shi shekara da shekaru muna ciniki, ko sau ɗaya ba mu taɓa kai ƙarar juna ba, domin idan ta ce e na san e ce. Tana da ɗaki a bayan gidanta, can Nasarawa ɗin. Na yi mata magana, ta ce haya ce ba kyauta ba, kuma ba ta son kiɗa da tara abokai. Na ce ita nake nema. Ɗakin ƙarami ne, za ka taka da ƙafa zuwa bakin titi, amma duk wata idan ka biya ka fita ba ka da ubangida.

Ga yadda za ka yi da Alhaji Garba. Kada ka yi a waya, kada ka tura saƙo, wannan raini ne kuma zai samu abin faɗi. Ka ajiye kayanka wurin Maman Rifkatu tukuna, sannan ka je gidansa da rana, lokacin da yake zaune da mutane. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida uba, domin uba ne. Ka ce, "Baba Alhaji, na gode, Allah ya saka da alheri, amma ba zan zauna ba, na riga na kama wuri." Ka tsaya nan. Zai yi dariya ya ce yaro ka daina wasa. Zai tambaye ka dalili, kada ka ba shi ko ɗaya. In ka ce nisa zai ce ga babur, in ka ce ka riga ka biya haya zai ce a karɓo ya biya maka. Zai tuna maka ya goya ka, zai iya ɓata rai ya ce ubanka ne ya zuga ka. Kada ka ɓuya a bayana, kada kuma ka yi musu. Ka sake godiya, ka sake faɗin abin da ka faɗa, da murya ɗaya. Za ka ji "mu gani" ta taso maka har maƙogwaro, gadon gida ce. Haɗiye ta.

Za ka ce Baba na aika ni abin da shi ya kasa. Da gaskiyarka, sai dai akwai abin da ba ka sani ba, na kuma hana innarka gaya maka. Ranar Juma'ar nan da ka tafi Argungu sallama da baffanka, Garba ya zo da kansa. Ana saukowa daga masallaci, ƙofar gida cike, yadda ya saba. Aka buɗe bayan mota aka sauke buhun shinkafa. Ya ce guzurin yaro ne, kada ya je birni ya sha wahalar cefane. Har ya daddaki buhun ya ce sabuwa ce, ta gindin giginya, shekaranjiya aka sussuke ta.

Babana, na ji tsohon shaiɗanin nan ya dawo kafaɗata. Bakina har ya buɗe zai ce haba Alhaji. Sai na ji gyaran murya daga bayan ƙofar zaure, irin ta wancan lokacin, ta dai tsufa. Na miƙe na ɗora hannu biyu a kan buhun. Na kira Liman da sunansa, na kira Malam Ɗan'iya, na ce, "Ku shaida, shinkafar gindin giginya ce, shi ya faɗa da bakinsa. Na karɓi gallar gonar ubana. Allah shi yi albarka, Garba." Ya ce, "Sani, guzuri na ce." Na ce yaro na da guzurinsa, wagga galla ce, ta daɗe a hanya. Malam Ɗan'iya ya ce, "Awo, mun gani." Na ja buhun da kaina har cikin zaure, bayana bai yafe mini ba har yau.

Garba bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake mini muna yara idan na riga shi kama kifi. Sannan ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ɗakin nan ya ajiye a kan tabarma. Ya ce wannan kuma ba nawa ba ne balle in yi masa suna, na ɗansa ne, wato kai, a ba ka. Ya shiga mota ya tafi.

Shi ne abin da ke ƙasan ambulan. Na so in bi shi da shi a ranar, amma ya yi gaskiya, ba ni aka ba ba. Buhu ɗaya ba zai dawo da gona ba, ya dai buɗe mini bakin da zan yi magana ranar taka iyaka. Makullin nan kuwa zai iya sake rufe shi. Idan ka buɗe ɗakin da shi, ba zan yi maka baki ba, kai ɗana ne, kuma ni na koya maka. Zan aika wa mai gari in ce na janye, ku kuma ku raba abin da ya rage. Idan ka mayar, ka kira ni. Ba sai ka yi dogon bayani ba, katinka zai ƙare. Faɗa mini kalmar nan taka ta Bature kawai, zan gane.

Innarka na gaishe ka, ta ce yajin yana cikin gwangwanin da ke ƙasan jaka, kada ka bar shi a buɗe. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen da kirkinsu ba shi da igiya, ya ba ka bakin da ubanka bai samu ba sai da furfura. Allah ya maido mana da kai lafiya, mu tsaya tare a inuwar giginyar mai sunanka.

Ni ne mahaifinka,
Sani, Gulma.